Amsa ga dan uwa na Kano kan zongon Takoradi da kudin mai

Salam dan uwa. Naga tambayarka, kace tunda an samu mai a tekun Ghana kuma Takoradi ce kofar man, me ya hana sarkin zongonmu ya tsaya ya karbo mana rabonmu, ko dai Hausawan nan barci muke. Toh ba barci muke ba wlh, kawai da mudun Kano kake auna mu.

Sarkin zongo ba hakimi bane. Ko taku daya na kasa bashi dashi a matsayinsa na sarki, kasar nan ta kujerun sarakunan Ahanta ce, wato kabilar masu gari, da dangoginsu, wani bangaren kuma gwamnati ta karbe tun zamanin Turawa lokacin da akayi tashar jiragen ruwa da aka bude 1928. Kakanninmu goro ya kawo wasu, wasu aikin soja da dan sanda, wasu dako a tasha da aikin reluwe, wasu fawa, aka nuna musu gefen gari akace ku zauna nan. Aikin sarkinmu sulhu ne, rigimar aure, rabon gado shi da liman, saukar bako, ranar bikin masu gari kuma yaje da jama'arsa a kai gaisuwa. Ana ganin girmansa sosai, amma baya raba fili kuma babu kasafin kudi a hannunsa.

Sannan akwai abinda ku a can ba kwa sawa a lissafi, shekarar 1969. Gwamnatin Busia ta ba duk bakon da bashi da takarda sati biyu ya fita daga kasar, mutane suka saida gidaje a wulakance suka hau manyan motoci, harda wadanda a nan aka haifesu basu taba ganin Kano ko Sakkwato da idonsu ba. Wadanda suka rage sai suka dauki darasi cewa kar ka zuba dukiyarka a gini kuma kar a cika jin muryarka a ofis. Tsofaffinmu da wannan tsoron suka rayu. Shiyasa zaka shiga lungu a unguwar Effiakuma nan Takoradi kaga gidan haya mai daki goma sha, famfo daya a tsakar gida, kwata ta ratsa ta kofar gida, ba wai mai gidan bai taba rike kudi bane, ubansa ne ya gina a matsayin wanda baisan ko gobe za'a ce ya tashi ba, kuma har yau takardar filin bata cika ba.

Shi kuma man, 2007 aka gano shi, karshen 2010 aka fara hakowa a rijiyar Jubilee, can cikin teku wajen kilomita 60 daga bakin teku. Kudinsa Accra yake tafiya. Sarakunan yankin yamma da kansu, masu kasar kenan fa, sun nemi a ware musu kashi 10 cikin dari majalisa bata basu ba, balle sarkin baki. Abinda ya shigo gari shine otal otal, gidajen manya a Beach Road da Airport Ridge, da tsadar haya. Doka tace kar mai gida ya karbi fiye da na wata shida gaba, amma na shekara biyu ake nema, in baka dashi akwai mai jira a bayanka. Mahauta da masu canji da masu saida wake da shinkafa sun dan taba, ban musa ba. Aikin cikin teku kuwa na mai takarda ne kuma ba yawa gareshi ba.

Inda ake raba abin da ya shafi unguwa shine asambuli, kamar karamar hukuma a wajenku amma ba daya bane. Shugabanta ba mu muke zabarsa ba, shugaban kasa ke nadawa 'yan majalisar su amince, an so ayi kuri'ar raba gardama a 2019 kan shigar jam'iyyu zaben asambuli aka fasa. Wanda muke zaba da hannunmu shine asambuliman, wato wakilin unguwa a asambuli, ba da tutar jam'iyya ba, a takarda dai. Duk shekara hudu asambuli na rubuta tsarin ayyukanta kuma dole ta kira taron jin ra'ayin jama'a. In kwatarku ko makarantarku bata shiga wannan kundin ba, ko sarki ya tafi da rawani goma sai dai a bashi kujera da ruwan sanyi ace za'a duba.

Mu matasan da muka taso bayan tsoron nan ya dan lafa abinda muka gane kenan. Yanzu liman zai sanar bayan sallar Juma'a cewa ranar kaza akwai taro, samarin majalisun shayi su bi gida gida, mata 'yan kasuwa su rufe tebur na awa biyu, a cika dakin taron, sarki na gaba ana fara gaisuwa da sunansa amma mai rike da takardar bukatu yaron da yayi boko ne. Da aka yanke Effia-Kwesimintsim, inda Effiakuma take, daga asambulin Sekondi-Takoradi a 2018 ta zama asambulin kanta, kuri'ar zongo ta kara nauyi a can saboda wajen ya kankance.

Ba kuma duk abin da ya shiga tsari yake karewa ba. Babbar kasuwarmu Market Circle an kwashe mutane daga ciki don a sake ginata, aka maidasu rumfunan wucin gadi, rikicin bashin kasa yazo a 2022 aiki ya tsaya cak shekara da shekaru, kuma masu nama da masu hatsi da yawa a cikinsu namu ne. Asusun raya zongo da ka ambata shima akwaishi, anyi filayen kwallo masu ciyawar roba da fitilun titi a wasu zongunan, yara na jin dadi, ni dai da an tambayeni da kwata da takardar fili zan fara.