Mujiyar da muka gani a bakin dam ce ta sa wa yaron zazzaɓi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Samaru. Tun da aka yi hutu, ni da abokan aikina biyu muke tara yaran unguwa kamar goma sha biyar duk Asabar da safe, mu je kallon tsuntsaye gefen dam ɗin Kubanni. Asabar da ta wuce muka ji ƙananan tsuntsaye suna ta hayaniya a kan wani maɗaci, da muka duba sai ga wata 'yar mujiya zaune da hantsi. Da ta juya kai, yaran suka ce tana da wasu idanu a ƙeya. Daren ranar wani yaro ɗan shekara takwas ya kwana da zazzaɓi. Kakarsa ta ce mujiyar ce ta kalle shi, an kai shi wurin mai magani, an ba shi turare da jiƙo. Yau kwana uku ke nan, jikin bai yi sauƙi ba. Iyaye sun hana yara fita, samari kuma suna neman tsuntsuwar da danƙo. Hankalina a tashe yake. Ni na jawo masa? Mu bar fitar ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Kafin mu taɓa maganar tsuntsu: a kai yaron nan asibiti yau, kada a bari sai gobe. Zazzaɓin kwana uku a jikin yaro a ƙarshen Agusta, a Zariya, abu na farko da za a bincika shi ne zazzaɓin cizon sauro. Gwajin ɗigon jini ne a ɗan yatsa, cikin minti ashirin an ga sakamako. Idan ya fara amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko barci mai nauyi da ba ya farkawa da sauƙi, to ko tsakar dare ne a ɗauke shi. Ki je gidan da kanki ki sami mahaifinsa. Kada ki tsaya gardama da kakar, ki ce mata a haɗa da asibiti.

Ke kuma ki kwantar da hankalinki. Ƙwayar cutar tana ɗaukar aƙalla mako guda, galibi kwana 10 zuwa 15, daga cizon sauro zuwa fitowar zazzaɓi. Idan ita ce, yaron ya je bakin dam da ita a jininsa, kuma sauron da ke ɗauke da ita da dare yake cizo, a ɗakin kwana. Fitar safiyar Asabar ba ta da hannu a ciki.

Abin da kuka gani kuwa na san shi sarai, kuma kun yi sa'a. Ita ce 'yar ƙaramar mujiyar nan mai ɗige-ɗigen fari a baya, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu na babban mutum ba sosai, kamar santimita 18 zuwa 20. Tana cikin mujiyoyin da ke farauta da rana, don haka ganinta da hantsi ba abin mamaki ba ne. Idanun ƙeyar da yara suka gani gashi ne, tabo biyu baƙaƙe masu farin kewaye. Ba sa gani da su ko kaɗan. Amfaninsu, duk wanda ya zo mata ta baya sai ya ɗauka kallonsa take yi. Abincinta fara, ƙadangaru, ɓeraye, wani lokaci da ƙananan tsuntsaye, shi ya sa suke taruwa a kanta suna mata ihu har ta bar wurin. Daga nan Bahaushe ya samo maganar nan ta an mai da wane mujiya. Mu masu kallon tsuntsaye wannan hayaniyar muke bi, domin a bishiya guda sai ka ƙirga iri biyar ko shida da suka zo korarta. Idan kin sake zuwa ki saurari kukanta: fito ne a jere yana hawa sama, ta ɗan tsaya, sannan ta saki dogaye masu gangarowa.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi ci mini rai, domin kusan duk inda na je da madubin hangen nesa a wuya, sai an tare ni da shi. Mujiya ba ta sa ciwo da kallo. Kukanta ba ya kiran mutuwa. Ba mayya ba ce da ta rikiɗa, ba 'yar aike ba ce daga wani maƙiyi. Kuma haɗarin wannan magana bai tsaya a kan tsuntsuwar ba. Ga shi kin gani da idonki: an ɓata kwana uku ana turara yaro, alhali ciwon da ake zargi yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro cikin ƙasa da haka. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin sauro a duniya, kuma a nan Arewa watannin Agusta, Satumba da Oktoba ne ganiyarsa. Sauro ya yi ɓarna, an ɗora wa mujiya, mai turare ya karɓi kuɗinsa. Ranar da abin ya ƙi, sai ya ce an makara kawo shi, ko kuma abin ya fi ƙarfin kowa. Wa ya taɓa tuhumarsa?

Duk abin da ke tsorata mutane a jikin mujiya yana da dalili a fili. Tana juya kai har kamar za ta kalli bayanta, saboda ƙwayar idonta ba ta motsi kamar tamu, sai Allah ya ba ta ƙasusuwan wuya 14, mu muna da 7, tana iya juyawa kusan kashi uku cikin huɗu na da'ira. Tana wucewa ta kanka ba ka ji motsin fiffike ba, saboda bakin gashin fiffikenta kamar mataji yake, yana kashe ƙarar iska, don kada ɓera ya ji zuwanta. Babbar farar mujiyar nan mai fuska kamar faifai, wadda ke kwana a silin makarantu da tsofaffin benaye a cikin birni, ita ce mai ƙarar nan mai tayar da tsikar jiki. 'Ya'yanta kuma idan suna jin yunwa huci suke yi kamar minshari, shi ne mutanen gida suke cewa akwai aljani a rufin ɗaki. Me ya kawo ta gidan? Ɓera. Inda hatsi yake nan ɓera yake, inda ɓera yake nan mujiya take zuwa.

Akwai wani magidanci da ya taɓa kirana a cikin gari, ya riga ya sa yara sun kawo kalanzir za a ƙone ta a silin. Na roƙe shi minti biyar. A ƙarƙashin inda take kwana na tsinci curi-curin da take amayarwa, baƙaƙe, kowanne kamar babban yatsa. Na jiƙa ɗaya da ruwa a murfin kwano, na warware shi da tsinke a gabansa. Gashi ne cunkus, a ciki ga ƙoƙon kan ɓera guda biyu, haƙoran gaba jajaye-jajaye suna nan daram, ga muƙamuƙin jaɓa. Muka buɗe na biyu, haka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa yaran su mayar da kalanzir ɗin. Babbar mujiya guda tana cin ƙananan ɓeraye uku zuwa huɗu a dare, balle idan tana ciyar da 'ya'ya. Cikin ɓerayen da take ci har da irin wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Mai gadin rumbunka ke nan da ba ka biyan ta ko sisi, ita ake bi da danƙo.

Kuma ki lura da samarin nan. Ba duka tsoro ne ya fitar da su ba, wasu sun san akwai mai saye. Bokan da ya ce maka mujiya mugun abu ce, shi ne zai sayi kanta da idonta ya ce maganin kwarjini ne ko na gani har hanji. Ya tsorata ka da ita ya ci kuɗi, ya sayar maka da ita ya ƙara ci. Wannan cinikin ne ya cinye mana ungulu. Duk wanda ya girma a Zariya ya tuna yadda take cika mahauta da bayan kasuwa, ba wanda ke ɗaga kai ya dube ta. Ki tambayi yaranki goma sha biyar ɗin nan, nawa ne suka taɓa ganinta da ido? Tun 2015 aka sanya irin ungulun garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma a Afirka ta Yamma farautarta don tsibbu na cikin manyan dalilai. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ana zuba guba a mushe, a kashe da yawa a tashi guda, a busar da kawunan a kai kasuwa.

Idan za ki yi magana da iyaye, ki tafi da limamin unguwa, domin addini ya riga ni yanke wannan hukunci. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kore camfi da tsuntsu, ya kuma kore abin da Larabawa ke kira hama. Malamai da dama sun fassara hama da mujiya, saboda mutanen jahiliyya idan ta sauka a gidan ɗayansu sai ya ce mutuwa ta zo sanar masa. Wato camfin da kakar yaron nan take yi, shi ne aka hana tun fiye da shekara 1400. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummai ne irinmu. Yaya mutum zai yi sallah biyar a rana, sannan ya yarda wata halitta da ba ta kai kurciya nauyi ba tana raba ciwo da ajali? Mu ji tsoron Allah a kan 'ya'yanmu da kuma a kan halittunSa.

Fita kam kada ku bari. Amma akwai abubuwan da suka cancanci tsoro na gaskiya a bakin ruwa a wannan lokaci. Kada yaro ya shiga ruwan ko da iyakar idon sawu ne, saboda tsargiya. Ciyawa ta yi tsawo, kowa ya sa takalmi rufaffe, a bi turba, babba a gaba, saboda kasa da gamsheƙa. Hadari ya haɗo, ku koma, kada ku fake a gindin bishiya. Mataccen tsuntsu kuma ba mai taɓawa: murar tsuntsaye irin H5N1 da aka fara tabbatarwa a Afirka a Fabrairun 2006, a wata gonar kaji ce kusa da Jaji, nan maƙwabtanmu. Ku tsaya inda jama'a suke, ku sanar da masu tsaron wurin zuwanku.

Zai zama asara ku zauna a gida yanzu, domin makonnin nan su ne gwanin kyau. Ɗan tsuntsun nan ja da baƙi da ke kumbura wuya a kan zangarniyar gero da dawa, kwalliyar aure ce ya yi, da rani zai koma ruwan ƙasa har ki kasa bambanta shi da matarsa. Haka mai baƙi da fari da jan baki mai doguwar jela, wadda matarsa ke zuba ƙwai a sheƙar wasu. Ki nuna wa yara ragon maza a cikin duhuwa, kukansa kamar ana tsiyayar ruwa daga kwalba, da carki a bayan shanu, da kirinjijiya idan kun sammaka. Shamuwa da ta zo mana da damina tana haɗa gayya, nan da Oktoba za ta nufi gabashi da kudancin Afirka. A daidai lokacin baƙin tsuntsaye daga Turai suke isowa bayan sun tsallako Sahara, wasu nauyinsu bai wuce giram 20 ba. Garin nan ma yana da tarihi a wannan fanni: Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, a kewayen Zariya ya yi nazarinsa na tsuntsaye masu cin ƙudan zuma.

Ki ba kowane yaro littafi ya riƙa rubuta rana, wuri, abin da ya gani da yawansu. Sunan da manomi ko makiyayi ya faɗa muku ku rubuta shi yadda ya faɗa, domin kowane gari da yadda yake kiran tsuntsunsa. Abin da kuka tara kuna iya shigar da shi ta manhajar BirdLasser cikin aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta. Asabar ta farko a Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Ki gayyaci iyaye biyu ko uku su bi ku a ranar, ki miƙa wa ɗaya madubin, ki bar shi ya duba ƙeyar mujiyar da kansa idan tana nan. Allah ya ba yaron lafiya, kuma ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna.