Harajin darajar fili: su wane ne ke yaɗa shi, kuma zai taɓa gonar gado?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi, shekara tara ke nan ina haya a unguwar Zariya. Duk sanda na tara 'yan kuɗi na je wajen dillalai sai in tarar farashin fili ya riga ni yin gaba, alhali ga filaye nan birjik an kewaye su da bulo an bari, awaki ke kiwo a ciki. Kwanan baya na ji ana zancen wasu ƙungiyoyi a ƙasashen waje masu fafutukar a ɗora haraji kan darajar fili, a sauke shi daga kan gini da sana'a. Su wane ne, kuma wa ke ba su kuɗi? Anya ba wata sabuwar dabarar raba talaka da ƙasarsa ba ce? Mahaifinmu na da gona wajen Jiratawa, ita na fi jiye wa tsoro.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙungiyoyin suna nan, wasunsu ma sun haura shekara ɗari. Amma bari mu fara da waɗannan filaye da awaki ke kiwo a ciki, domin duk maganarsu a kansu take.

Mutum ya sayi fili a bayan gari lokacin da wurin jeji ne, ya kewaye shi ya tafi harkarsa. Bayan shekara goma aka zuba kwalta, aka ja wuta da ruwan famfo, maƙwabta suka gina gidaje da masallaci, mai shayi ya kafa tebur, 'yan kabu-kabu suka fara tsayawa. Filin ya ninka kuɗinsa sau da yawa, shi kuwa mai shi ko bulo ɗaya bai ƙara ba. Wa ya yi wannan darajar? Jama'ar unguwa da kuɗin baitulmali. Masu wannan ra'ayi cewa suke tunda jama'a suka samar da ita, jama'a su karɓi wani kaso nata duk shekara. Abin da mutum ya gina da guminsa kuwa, ɗaki ne, shago ne, rijiya ce, a bar masa shi ba haraji.

Ga misali na ƙirƙira don a gane. Filaye biyu ne jere, kowanne ya kai miliyan 3 na sefa. Ɗaya an gina masa ɗakunan haya takwas, ɗaya kango ne. Idan aka yanka kashi 1 cikin 100 na darajar ƙasar, kowanne zai biya jikka 30 a shekara, daidai wa daida. Mai ɗakunan haya ba zai ji a jikinsa ba. Mai kango kuwa duk shekara sai ya zaro daga aljihu don filin da ba ya kawo masa ko dala, har ya kai ga ko dai ya gina ko ya sayar wa irinku. Ka gwama da harajin da aka saba, wanda ya fi bin gini da kuɗin haya: wanda ya yi aiki shi ake kamawa, wanda ya zauna yana jira ya sha.

Mutumin da ya fitar da wannan magana duniya ta ji shi ne Henry George, ɗan jarida Ba'amurke, an haife shi 1839 ya rasu 1897. A San Faransisko ya ga yadda shigowar jirgin ƙasa ta sa filaye suka yi tsada, masu su suka azurta suna zaune, ma'aikata kuwa haya ta ci su. A 1879 ya fitar da littafinsa Progress and Poverty, wato ci gaba da talauci, yana tambayar me ya sa biyun ke tafiya tare. Ba shi ya fara ba, don masanan Faransa irin su François Quesnay sun yi zancen haraji guda a kan ƙasa tun ƙarni na 18, masanan tattalin arziki na Birtaniya Adam Smith da David Ricardo ma sun taɓo shi. George dai shi ya mai da shi fafutuka. Ya tsaya takarar magajin garin Niyok a 1886 ya zo na biyu, gaba da Theodore Roosevelt wanda daga baya ya shugabanci Amurka.

Almajiransa ne suka kafa ƙungiyoyin da ka ji. Wadda ta haɗa su a duniya ita ce ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta harajin darajar fili, ana kiranta IU a taƙaice. An kafa ta a wani taro a Kofanhegan na ƙasar Danmak a 1926, mazauninta Landan, kuma tana cikin ƙungiyoyin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke jin shawararsu. A Niyok aka kafa Gidauniyar Robert Schalkenbach a 1925 don buga littattafai da tallafa wa bincike, da Makarantar Henry George a 1932 don koyar da darussa. A Birtaniya mujallarsu Land & Liberty tana fitowa tun 1894. Cibiyar Lincoln da ke jihar Masacusets, wadda aka buɗe a 1974, ta ɗan bambanta da sauran: ba ta wa'azi, aikinta bincike da horar da jami'an ƙiyasta filaye, kuma a ganina ita ce ta fi amfani ga ƙasa irin tamu. Wadda ta fi burge ni wajen dabara kuwa Prosper Australia ce ta birnin Melbon. Da suka so nuna yawan gidajen da aka kulle ana jiran su yi tsada, sai suka bi lissafin kamfanonin ruwa: gidan da mitarsa kusan ba ta motsa ba shekara guda, ai ba kowa a ciki. Da wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zai ɗauki unguwa guda ya ƙirga kangaye da ƙafa, da ya yi mana irin wannan aiki ba tare da ko sisin waje ba.

Batun kuɗinsu ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Galibinsu da wasiyyar attajiran da suka karanta George suka gamsu suke rayuwa, sai kuɗin mambobi. Schalkenbach mai maɗaba'a ne, John C. Lincoln kuwa mai masana'antar kayan walda ne a Kilibilan. Galibinsu ƙananan ƙungiyoyi ne, ma'aikatansu 'yan kaɗan. Kada ka ɗauke su irin furojen da muka saba gani da farar mota da rabon kayan aiki. Ba su raba komai, ba su da ikon tilasta wa wata gwamnati komai. Rubutu suke yi da taro da bin 'yan majalisa.

A fagen hujja sun yi nasara ƙwarai. Milton Friedman, masanin tattalin arziki Ba'amurke wanda ba ya ƙaunar haraji ko kaɗan, ya ce wannan ne mafi ƙarancin illa. Joseph Stiglitz, wani masanin da ra'ayinsa ke can ɗaya ɓangaren, shi ma yana goyon baya. Dalilin mai sauƙi ne. Ka tsananta wa siminti haraji, sai ya yi ƙaranci ya yi tsada. Ka matsa wa ɗan kasuwa da patanti, sai ya kwashe hajarsa ya koma Jibiya. Fili fa? Ba ya gudu, ba a ɓoye shi a ƙarƙashin gado, ba a tsallaka da shi ta Ɗan Isa da dare, kuma yawansa ba ya raguwa don an sa masa haraji. Shi ya sa ma mai gida ba ya iya juye nauyin kan ɗan haya yadda yake so, domin tun farko iyakar abin da kasuwa za ta ɗauka yake karɓa, ga shi kuma sababbin ɗakuna na ƙaruwa.

A fagen siyasa kuwa sun sha ƙasa fiye da yadda suka ci. A Ingila, ministan kuɗi Lloyd George ya saka harajin filaye a kasafin 1909, Winston Churchill na taya shi yaƙi. Majalisar dattawan gado, wadda manyan masu ƙasa suka cika, ta yi fatali da kasafin. An rage mata iko a 1911, amma harajin kansa an soke shi a 1920 bai tara abin kirki ba. Birnin Fitsbag na Amurka ya ɗora wa fili haraji mafi nauyi a kan na gini tun 1913, ya watsar a 2001 bayan wani sabon ƙiyasi ya harzuƙa jama'a. Johanasbag ta daɗe a kan tsarin kafin dokar 2004 ta Afirka ta Kudu ta haɗe fili da gini. Inda ya zauna akwai Danmak, da Estoniya tun 1993, da Taiwan, da jihohin Ostareliya, da Nairobi. Sai dai ko a can ɗaya ne daga cikin haraji da yawa. Mafarkin George na a soke kowane haraji a bar wannan shi kaɗai, babu ƙasar da ta yi shi, kuma mabiyansa masu ci gaba da rantsuwa a kan haka suna cika baki ne.

Zarginka kuwa, ba zan ce ka yi kuskure ba, don an taɓa shigo da wannan ra'ayi ƙasar Hausa a aljihun Bature. Percy Girouard, gwamnan Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, da jami'insa Charles Temple, ra'ayin George ya yi tasiri a kansu. Daga kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 aka fitar da dokar 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa duka a hannun gwamna, wai amana ce don 'yan ƙasa. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 jikanyarta ce. Rabin maganar aka ɗauka: iko ya koma ofis, amma mayar wa jama'a da darajar bai biyo baya ba. George bai ce a ƙwace filin kowa ba, takardarka na hannunka, ka sayar, ka bar wa magada. To amma ka ga yadda magana ke canja kama idan ta shiga hannun mai mulki.

Mu ma ba baƙi ba ne ga asalin tunanin. Da aka ci Iraƙi, Sayyidina Umar bai raba ƙasar noma ga mayaƙa ba, ya bar ta hannun manomanta ya ɗora mata haraji don amfanin na baya. Malaman fiƙihu kuma sun kawo cewa wanda ya kewaye mataccen wuri ya ƙi raya shi har shekara uku ba shi da sauran haƙƙi a kai. Hukuncin harajin zamani dai na malamai ne, ni ba fatawa nake bayarwa ba.

A Maraɗi, abin da zai fara tare hanya rajista ce. Kafin a ce nawa za a biya sai an san na wane ne. Fili guda sai ka ga takardar magajin gari a hannun wani, ta mai unguwa a hannun wani, magada kuma na kotu. Ciniki na gaskiya a zaure ake yinsa, abin da aka rubuta a takarda daban. In ba a san farashi ba, ƙiyasi zai koma hannun jami'i guda, daga nan kuma sai wanda ya san wani. Rigimar ƙiyasi ce ta kayar da tsarin a Fitsbag, su da ke da kwamfutoci da ƙwararru. Hanyar da za ta yiwu a nan ita ce a raba gari shiyya-shiyya, a ce mita guda a bakin babbar kasuwa kaza, a Ali Ɗan Sofo kaza, a bayan gari kaza, a manna a bango kowa ya gani. Ba zai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, amma ya fi wuyar murɗewa.

Akwai kuma waɗanda zai cuta, ƙungiyoyin ba su cika son daɗewa a kansu ba. Fili shi ne asusun mutanenmu. Wanda ba ya son banki saboda riba, ko ɗan ci-rani da ya turo kuɗi daga Libiya, a ƙasa yake ajiya, kuma harajin zai rage farashin abin da ya ajiye. Ga kuma tsohuwar da ta gaji gida a tsakiyar gari, wurin ya yi tsada amma ita ƙosai take soyawa. Irinta a wasu ƙasashe jinkirta mata ake yi har ranar da aka sayar da gidan ko aka raba gado. Dokar da ba ta tanadi wannan ba, ni ba zan goyi bayanta ba.

Sai gonar Baba. Muddin gona ce a cikin gonaki, darajar ƙasarta tsurarta kaɗan ce in aka gwama da fili a gari, kuma taki da rijiya da itatuwan gawo da ya raina ba su shiga lissafi, don aikin hannunsa ne. Ni dai a ra'ayina ƙananan gonakin gado a cire su gaba ɗaya. Kudancin Maraɗi ƙasa ta riga ta yi wa mutane kaɗan, har mata na rasa gamanarsu, kuma kuɗin bin manomi a karɓa zai fi abin da za a samu. Haɗarin da ke gaban gonarku daga wani wuri zai zo: gari na matsowa, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, kuma masu kuɗi sun fi manomi saurin jin inda hanya za ta bi. Su za su zo su saya da farashin gona su sayar da farashin gari. Tun yanzu ku je hukumar filaye ta ƙaramar hukumarku, wadda ake kira Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Ku tafi da mai gari da maƙwabtan gona a shaida iyaka, a ba Baba takardar mallakar gado da sunansa, ku ajiye kwafi a wuri biyu.