Wai har ana auna abin da mutane suka fi so a ransu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Lakcaranmu ya ce wai Turawa sun rage damuwa da abin kaiwa baki sun koma maganar 'yanci da muhalli, wai har an auna. Da wane sikeli ake auna zuciyar mutum don Allah?
Ɗalibar soshiyoloji, Zariya

Amsa: Yawwa 'yata, sikelin fa tambaya ɗaya ce tak. Wani malamin jami'ar Michigan a Amurka, Ronald Inglehart, shi ya tsara ta, aka fara yin ta a 1970 a ƙasashe shida: Birtaniya, Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Holan da Beljiyam. Za a jera wa mutum abu huɗu a ce ya ɗauki biyu da ya fi so ƙasarsa ta sa a gaba: tabbatar da doka da oda, yaƙi da tsadar kaya, ba talaka damar sa baki a shawarar gwamnati, kare 'yancin faɗin albarkacin baki. Wanda ya ɗauki biyun farko to ɗan neman abin duniya ne, wanda ya ɗauki na ƙarshen ya wuce nan, wanda ya gauraya kuma yana tsakiya, kuma su ne suka fi yawa.

Hujjar Inglehart ita ce abin da mutum ya rasa yana yaro shi yake bi har tsufa, shi ya sa waɗanda suka sha yunwar Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙe tsaro da farashi, 'ya'yansu da suka tashi cikin ƙoshi kuwa suka shiga zanga-zangar muhalli, har jam'iyyar Greens ta masu rajin kare muhalli ta shiga majalisar Jamus a 1983.

Amma ni inda nake ja da baya shi ne maganar tsadar nan, don bayan rikicin mai na 1973 da kaya suka yi tashin gwauron zabo sai alkaluman masu zaɓen biyun ƙarshen suka koma baya, da farashi ya lafa suka sake hawa, kin ga kenan wani lokaci kasuwa sikelin yake aunawa ba zuciya ba. Ga shi babu rashin aikin yi a cikin huɗun ma sam, mai zaman kashe wando sai dai ya zaɓi abin da ya samu.

Binciken World Values Survey, mai jin ra'ayin mutane a ƙasashen duniya, da aka fara a 1981 har Najeriya yana zuwa da tambayar nan. Idan za ki yi amfani da alkalumanmu a firojek, fara duba nawa ake sayar da mudun shinkafa a shekarar da aka yi tambayar tukuna.