Kicin ɗin Anti: Miyar niƙaƙƙen nama da kayan lambu, me ya sa tawa take tsinkewa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sanyi. Wannan makon saƙonni uku na ɗauko kuma duk a kan tukunya ɗaya suke, ban yi mamaki ba don hunturu ne, kayan lambu sun sauko, wanda ya leƙa kasuwar Yankaba a Kano kwanan nan ya ga yadda karas da kabeji suka yi tsibi-tsibi.

TAMBAYA: Salam Anti, ina wuni ya aiki. Don Allah taimako nake nema, wata biyar ke nan da bikina, to Baban maigidana ya zo wajenmu zai ɗan kwana biyu saboda ganin likita, kuma haƙoransa sun zube ba ya iya tauna nama, sai na ce bari in yi masa irin miyar nan ta niƙaƙƙen nama da kayan lambu da ake sha da cokali. Wallahi Anti abin da ya fito kunya ce ta hana ni kai masa, naman ya dunƙule guda-guda ya yi fari fat, ruwa gefe kabeji gefe, ga ƙarni. Komai a tare na zuba na kawo ruwa na rufe. A ina na kuskure? Daga wata amarya a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika yi tunanin haƙoransa. Ai kin faɗi laifin da bakinki 'yata, "komai a tare". Niƙaƙƙen nama ba ya son a haɗa shi da ruwa yana ɗanye, in kin yi haka dahuwa zai yi a dunƙule kamar yadda kika jefa shi, ƙarninsa ya bazu cikin romon, kuma duk magin duniya ba zai gyara shi ba. Ni ma ta taɓa faruwa da ni farkon aurena, maigidan ya ɗaga cokali ya duba ya mayar, bai ce komai ba, shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Mu faro daga teburin mahauci. Kar ki sayi wanda kika tarar an riga an niƙa an tara a faranti don ba ki san tun yaushe yake zaune ba, ki zaɓi tsokarki da kanki, ta cinya ko ta kafaɗa mai ɗan ratsin kitse, rabin kilo ya ishi mutum biyar zuwa shida, ki ce ya cire miki jijiyoyin saboda Baba. Ki roƙi ƙashi biyu ko uku a ɗora miki. In wankewa za ki yi to kafin niƙa ake yi, a tsane shi sosai, wadda ta wanke nama bayan an niƙa ta zubar da daɗinsa a magudana. In babu injin niƙan nama kusa da ku ki yanka ƙanana ki ɗan juya a bilanda kaɗan-kaɗan, ko ki daka a turmi mai tsabta, kar dai ya koma kamar kunu.

Ƙashin nan ki fara ɗora shi a wata tukunya da ruwa kamar lita biyu da rabin albasa da 'yar citta, ya yi awa ɗaya yana dahuwa kina kwashe kumfar, shi ne ruwan miyarki. Yana kan wuta kina yanke-yanke: albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 4, ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, dankalin turawa 4, karas 3, koren wake cikin tafin hannu, kwatan kabeji, sai lawashi. Tumatir 4 da tattasai 2 da attaruhu ɗaya tak ki jajjaga, tunda dattijo za a ba.

To ga inda maganar take. Ki samu tukunya mai faɗin gindi, man gyaɗa cokali 3, ki bari ya yi zafi sosai, sai ki baza naman a ciki ki ƙyale shi. Na ce ki ƙyale shi, minti biyu zuwa uku kar ki taɓa, na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi amma ki daure. Sannan ki sa muciya ki farfasa shi. Za ki ga ya fitar da ruwa ya yi launin toka, a nan ne mata da yawa suke cewa ya yi, bai yi ba, ki bar wutar da ƙarfinta ba murfi har ruwan ya ƙone, kunnenki ma zai gaya miki don ƙarar za ta tashi daga ɓararrakar tafasa ta koma ƙarar suya, naman ya fara yin ja yana warewa tsaba-tsaba, ƙamshi irin na wajen mai tsire ya cika kicin. In tukunyar ƙarama ce ki raba shi biyu ki soya, cunkoso ne yake sa nama ya dahu a ruwansa maimakon ya soyu. Za ki ga wani ja-ja ya kama gindin tukunya kamar ƙanzo, ba ƙonewa ba ce, kar ki canza tukunya, rabin daɗin miyar yana wajen.

Sai albasa ta shiga ta yi laushi, tafarnuwa da citta su biyo baya na minti ɗaya, su ne maganin ƙarnin da kika ji. Ki zuba jajjagen ki soya har mai ya taso sama. Yanzu ne romon ƙashi zai shiga, da zafinsa, kamar lita ɗaya da rabi, ki sa muciya ki kankare ja-jan nan ya narke a ciki. Daddawa ɗaya dakakkiya, masoro kaɗan, kanumfari ƙwaya biyu, kori in kina so, gishiri da magi. Amma tunda ganin likita ya kawo Baba ki tambayi maigidan ko hawan jini ne, in shi ne ki ja hannu da gishiri da magi, daddawa da citta za su rufa miki asiri.

Kayan lambu kuma kowa da lokacinsa, kamar shiga mota ne, mai nisa shi yake fara hawa. Dankali da karas tare, minti 12 zuwa 15 a kan matsakaiciyar wuta, kuma kar ki damu in dankalin ya ɗan yi taurin kai, tsamin tumatir yana sa ya jima bai nuna ba. Koren wake ya biyo baya minti 5. Kabeji shi ne ɗan auta, minti 3 zuwa 4 ya ishe shi, in ya wuce haka yake yin warin nan ya saki ruwa. Saboda Baba kina iya yanka komai ƙanana ki ƙara 'yan mintoci, gara yanka ƙanana da dafawa har ya mutu. Don kauri ba sai kin sa fulawa ba, ki tsamo yankan dankali huɗu ko biyar ki murƙushe da bayan ludayi ki mayar, dankalin Filato irin na Bokkos da Mangu yana narkewa da kyau, ko ki jefa 'yar kabewa tun farko ta narke. Lawashi a ƙarshe bayan kin kashe wuta. Ki kai masa da burodi mai laushi ko gurasa ya dinga tsomawa, sai ki rubuto ki gaya min me ya ce.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Samaru, ɗaki ɗaya muke mu uku ba firji, ƙaramin gas ne da mu. In na yi irin wannan miyar kwana nawa za ta yi? Daga wani ɗanki a Zariya.

AMSA: Ɗana ba kwana za ta yi ba, ku yi daidai cikinku ku cinye. Niƙaƙƙen nama ya fi gunduwa saurin lalacewa saboda ƙwayoyin cutar da suke saman naman injin ya cakuɗa su har ciki, shi ya sa ake so ya dahu har tsakiya, masana suna cewa zafinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius, miyar da ta tafasa rabin awa kuwa ta wuce nan. Ka sayo kwatan kilo ka dawo ka ɗora nan take, kar ka ajiye shi a leda ka tafi lacca. Bayan an sauke kar ta wuce awa biyu a ajiye, lokacin zafi ma awa ɗaya, kuma miya mai kabeji da dankali ba miyar kuka ba ce da za a ce a yi ɗumame da safe, in ta fara kumfa ko tsami tafasawa ba ta dawo da ita. Masu firji da tsayayyiyar wuta su ne ɗanyen naman zai yi musu kwana ɗaya zuwa biyu, dafaffiyar miyar kwana uku zuwa huɗu, mu kuwa da NEPA take wasa da mu sai a rage lissafi.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni ina ɗan jefa kanwa don ta kashe tsamin tumatir, akwai laifi? Sannan yarana tsince karas suke yi suna ajiyewa a gefen kwano. Daga uwargida a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Kanwa ki bar ta wa kuka da kuɓewa da wake, a wannan miyar dagargaza kayan lambu take yi su yi laɓe-laɓe, kuma tana lalata bitamin C da B1, ga wani ɗanɗano da take bari a harshe. Ki soya jajjagen da kyau ki ƙara albasa, zaƙin albasa da karas ya isa ya danne tsamin. Yaran kuma ki yi musu wayo, ki goge karas ɗin a abin goga kuɓewa ki soya shi tare da albasa tun farko, zai ɓace a cikin miyar ya ba ta launi, ga shi man da kika soya shi da shi yana taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A ɗinsa. In kabejin ma suna yi masa haka ki musanya da alayyafo ko ganyen zogale, ki zuba musu a kan farar shinkafa ko kuskus, babu mai zaman tsintar abin da bai gani ba.