Tambaya da amsa: Yaya yaron da bai ci zango ko ɗaya ba yake lashe tseren keke na mako guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na bi wani tseren keke na matasa da ake yi a Faransa cikin watan Agusta, wanda suke kira Tour de l'Avenir. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan kullum wani daban ke zuwa na ɗaya, amma rigar rawaya tana jikin wani yaro da ban ga ya riga kowa tsallake layi ba. Na kuma ga wasu suna komawa baya wurin mota suna ɗebo wa abokinsu ruwa maimakon su nemi nasu rabon. Yaya lissafin yake? Sannan ɗan shekara 19 ko 20, jikinsa zai ɗauki wannan wahala kwana da kwanaki? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, haka abin yake. A tseren da ake yi zango-zango, gasa biyu ce ke tafiya a kan hanya ɗaya. Akwai ta yini, wadda duk wanda ya fara tsallake layi ya ci. Akwai kuma ta gaba ɗaya, inda ake tara lokacin da kowane mahayi ya ɓata tun daga ranar farko. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa rigar rawaya da safe, kuma wanda ta kwana a jikinsa ranar ƙarshe shi ne zakara. Ba a tambayarsa zango nawa ya ci. Tadej Pogačar na Slobeniya ya lashe wannan tsere na matasa a 2018 ba tare da ya ci zango ba, Egan Bernal na Kolambiya ma haka ya ɗauki babban Tour de France a 2019, Chris Froome kuma a 2017.

Akwai wata ƙa'ida da idan ka gane ta sauran zai zo maka da sauƙi. Duk mahayan da suka iso layi a dunƙule cikin ayari ɗaya, lokaci ɗaya ake rubuta musu. A ce mutum 120 sun iso tare a zangon fili: na farko ya ɗaga hannu ya karɓi furanni, na 90 ya shigo shiru, amma a takardar alƙalai awanninsu da mintocinsu daidai suke. Wasu tsere suna rage wa ukun farko 'yan daƙiƙoƙi a matsayin tukuici, a Tour de France 10 da 6 da 4 ne, sai dai wannan bai taka kara ya karya ba idan aka shiga duwatsu. Mai gudun ƙarshe, ƙaƙƙarfa mai nauyin jiki, zai iya cin zango uku a fili, ran da aka hau dutse kuma ya iso bayan minti 20. To me ya rage masa? Shi ya sa yaron da ke neman rigar ba ya cusa kansa cikin turmutsutsun layi. Burinsa a irin wannan rana kawai kada ya faɗi, kada a bar shi a baya. Ko faɗuwar ma an yi mata sassauci: a zangon fili, wanda ya faɗi ko tayarsa ta fashe cikin kilomita 3 na ƙarshe, a wasu zanguna ma fiye da haka, ana ba shi lokacin ayarin da yake ciki.

Batun masu ɗebo ruwa kuwa, amsarsa iska ce. Mai keke da ke tafiyar kilomita 45 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfinsa iska yake turewa da shi. Wanda ya laɓe daf da tayar wani yana rage kusan kashi ɗaya bisa uku na wannan aiki, wanda yake can tsakiyar ayari kuwa ragin ya fi haka nesa ba kusa ba. Don haka kowace tawaga takan zaɓi mutum ɗaya ta ce kai ne madugu, sauran su zama 'yan hidima. Su ke shiga gabansa su sha iska, su ɗebo masa ruwa da abinci, su ja ayari idan wasu sun ɓalle sun yi nisa, kuma idan kekensa ya lalace a mummunan wuri ɗayansu ya sauka ya miƙa masa nasa. A Tour de l'Avenir, har zuwa 2025, galibin tawagogin na ƙasashe ne, mutum shida-shida, ba takwas ba kamar na babban Tour. Mutum biyar ba sa iya tsare ayari yini guda, ga shi kowannensu yaro ne da ke son masu ɗaukar 'yan wasa su gan shi. Wannan ya sa tseren yake da hargitsi, kuma ni a ganina ya fi na manya daɗin kallo, domin ba a cika sanin yadda rana za ta ƙare ba.

A ina ake samun ratar, tunda fili ba ya raba su? A wuri uku. Na farko tseren agogo, inda kowa ke fita shi kaɗai ba mai kare masa iska. Na biyu ranar da iska ta buso daga gefe, ta tsinka ayari gida-gida, wanda ya yi sakaci yana baya ya tsinci kansa da asarar minti guda ko biyu a hanyar da ko tudu babu. Na uku, wanda ya fi duka, dutse. A hawa gudu yana sauka zuwa kamar kilomita 20 a awa, laɓewa bayan wani ta rage amfani, nauyin jiki ya zama shi ne abokin gaba. Masu horarwa suna auna wannan da ƙarfin da ƙafa ke bayarwa a kan kowane kilo na jiki, kuma gwanayen hawa sukan riƙe wat 6 (wat shi ne ma'aunin wannan ƙarfi) ko fiye a kowane kilo na tsawon rabin awa. Shi ya sa za ka ga zakarun sirara ne, kamar iska za ta ɗauke su. Kwanakin ƙarshe na tseren a tsaunukan Alps ake yin su. Hawan Col de la Loze, mai tsayin mita 2,304, waɗannan matasa ne suka fara tsere a kansa a 2019, kafin manya su bi ta can a 2020.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Eh, jikin ɗan shekara 19 yana ɗauka, amma an yanka masa daidai wuyansa. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta ware 'yan 17 da 18 a rukuni guda, 'yan 19 zuwa 22 a wani, kuma wannan tsere na rukuni na biyun ne. Babban Tour de France zango 21 ne cikin mako uku, sama da kilomita 3,000. Na matasa kamar mako guda ne, zangunansa kuma sun fi gajarta. Duk da haka, ba tsawon yini ɗaya ke kayar da yaro ba. Akwai samari da yawa da za su iya yin rana guda ta ban mamaki. Abin da ake nema a gani shi ne wa zai tashi ranar shida da ƙafafu irin na ranar farko.

Ƙarfin mahayi a irin wannan tsere kamar guzurin matafiyi ne: wanda ya cinye nasa a zangon farko don murna, yunwa za ta riske shi inda babu kasuwa. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai tsanani, alhali zango yakan kai awa uku ko huɗu. Dole mahayi ya riƙa ci yana tafiya, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. A da ana cewa giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a kowace awa, yanzu manyan tawagogi suna horar da cikin mahayansu ya karɓi har 120. Da an tsallake layi kuma sai shinkafa ko taliya tun a mota, domin abin da ka ci yau da yamma shi za ka taka gobe. Yaro sabon shiga yakan manta da cin nan idan tsere ya yi zafi. Ba a ranar zai gani ba, sai bayan kwana biyu, a tsakiyar hawa, ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Ƙara da barcin otal daban kowane dare, tafiyar mota tsakanin garuruwa, ƙurajen zama a sirdi, da gurjewar fata idan an faɗi, wadda ke hana juyi a gado. Kuma babu hutun zaɓi: wanda bai gama zangon yau ba, ko ya iso bayan iyakar lokacin da alƙalai suka sa, ba zai fito gobe ba.

Jikin matashi yana saurin warwarewa, wannan alheri ne gare shi. Inda yakan gaza shi ne a tunani da lissafi. Dubi Isaac del Toro na Meziko. A 2023, yana ɗan shekara 19, ya ci zangon Col de la Loze, amma rigar tana jikin Matthew Riccitello na Amurka har safiyar ranar ƙarshe. A wannan rana del Toro ya kai hari ya ƙwace ta, ya zama ɗan Meziko na farko da ya lashe tseren. Bayan shekara biyu, a Giro, babban tseren Italiya, na 2025, shi ne ya riƙe rigar jagora kwanaki da dama har zango na 20. A hawan Finestre ya tsaya gadin abokin hamayyarsa Richard Carapaz, kowannensu yana jiran ɗaya ya ja, Simon Yates na Ingila ya sulale ya tafi da tseren gaba ɗaya. Ba ƙafa ce ta ci amanar del Toro ba, lissafi ne ya kuɓuce masa na 'yan mintoci. Abin mamaki kuma, shi kansa Yates a kan wannan dutsen ya rasa rigar a 2018, ranar da jikinsa ya ƙi, ya iso bayan Froome da fiye da rabin awa. Shekara bakwai ya jira.

Tour de l'Avenir ya fara ne a 1961, kuma jerin waɗanda suka ci shi yana da ban sha'awa: Felice Gimondi a 1964, Greg LeMond a 1982, Miguel Indurain a 1986, Nairo Quintana a 2010, Bernal a 2017. Bernal da Pogačar duk shekara biyu kacal suka yi tsakanin cin na matasa da cin babban Tour, Pogačar ma saura kwana ɗaya ya cika 22. Wannan ya canja tunanin manyan tawagogi, yanzu tun yaro yana 17 ko 18 ake bin sa da kwantiragi. Remco Evenepoel na Beljiyam ko rukunin 'yan ƙasa da 23 bai tsaya ba, daga cin kambun duniya na yara a 2018 ya shige cikin manya. Ni dai wannan gaggawa ba ta kwanta mini ba. Ana lissafa waɗanda suka yi fice, ba a lissafa waɗanda aka sa su auna abinci da sikeli tun ba su gama girma ba, suka gaji da keken kafin su kai 23. Cin tseren ma ba tabbaci ba ne. Romain Sicard na Faransa ya haɗa shi da kambun duniya na matasa a 2009, aka yi ta cewa ga magajin manya ya zo, amma ya ƙare sana'arsa a matsayin mahayi nagari kawai. Haɗarin ma na gaske ne, musamman a gangara inda gudu kan haura kilomita 80 a awa. Gino Mäder na Suwizalan, wanda ya zo na uku a bayan Pogačar a 2018, faɗuwa a gangaren dutse ce ta yi ajalinsa a 2023 yana ɗan shekara 26.

Tun 2023 akwai Tour de l'Avenir na 'yan mata ma, wanda Shirin van Anrooij ta Holan ta fara lashewa.

Matasan Afirka kuwa, abin da ya fi ba su wuya idan sun je Turai ba ƙarfi ba ne. Sabo ne da tafiya kafaɗa da kafaɗa cikin mutum sama da 100 a ƙuntatacciyar hanya, da sanin lokacin da ya kamata a matsa gaba kafin kwana ko kafin iska ta juya. Wannan ba a koyon sa a atisaye, sai a tsere, kuma tseren kwanaki a nahiyarmu kaɗan ne: Tour du Faso da Burkina Faso ta fara a 1987, Tour du Rwanda, da wasu 'yan tsiraru. Kamaru ta shirya na 'yan ƙasa da 23 mai suna Tour de l'Espoir a 2018, Joseph Areruya na Ruwanda ya ci. Biniam Girmay na Iritiriya ya bi ta cibiyar horo ta UCI da ke Aigle a Suwizalan, ya ci zango a tseren Gabon a 2019 yana ɗan 18, ya zo na biyu a gasar duniya ta matasa a 2021. A Tour de France na 2024 ya ci zango uku ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake bayarwa da maki ba da lokaci ba. A lissafin rigar rawaya kuwa, sama da mutum 100 ne a gabansa, kuma ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin gazawa, domin ba ita ya je nema ba.