Jari-hujja, gurguzu, da kurar da ke shan bugu: amsar tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, siyasar talaka da mai mulki, don haka na haɗe su wuri guda.

Wani bawan Allah daga Kakuri a nan Kaduna, ya ce tsohon ma'aikacin masaƙa ne, yana tambaya wai kalmomin jari-hujja da gurguzu Hausa ce ta asali ko 'yan rediyo ne suka ƙirƙiro mana su, domin wani ya ce masa duk wannan ra'ayi na kare talaka kayan aro ne daga Turai.

To Baba, sannu da ƙoƙari. Jari dai ka san shi, uwar kuɗin da ake juyawa a kasuwa. Hujja kuma Larabci ce ta shigo mana, abin da mutum ke kafawa ya yi nasara a gaban alƙali ko a wajen muhawara. Da aka haɗa su sai ma'anar ta zama tsarin da jarinka shi ne hujjarka, in kana da shi maganarka ta zauna, in ba ka da shi ko gaskiyarka ta kai hasken rana sai dai ka koma gefe. Wallahi duk wanda ya fara haɗa kalmar nan ya san abin da yake yi, a cikin sunan ma ya gama yanke wa tsarin hukunci. Gurguzu kuwa tsohuwar kalma ce, 'ya'yan yakuwa ne da ake daddawar batso da su, sannan ana cewa an yi abu a gurguzu idan an yi shi a dunƙule ba a ware na wane da na wane ba. Daga nan aka ɗauko ta aka laƙaba wa tsarin su Rasha da Sin. Haɗin sabo ne, amma kayan haɗin namu ne. Kuma Baba kai da ka ga yadda masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 da sauran masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da ya karya naira har zuwa lokacin da atamfar waje ta cika kasuwa, ai ba sai wani Bature ya fassara maka jari-hujja ba.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a Unguwar Rimi, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ta ce malam mene ne asalin "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi", kuma ya dace ta sa shi a rubutun da take yi kan mulkin mallaka?

'Yata, ya dace ƙwarai. Asalinsa wasan kura ne. Yaran yanzu da yawa ba su gani ba, amma da can gardawa kan zagaya kasuwanni da kura an sa mata takunkumi an ɗaure da sarƙa, ana kiɗa, gardi na tsalle da warki yana buga mata kulki tana gurnani tana burgima cikin ƙura, mutane sun yi da'ira suna jefa kuɗi. In an tashi gardi ya tsince kuɗinsa tsaf ya zuba a aljihu, ita kuwa a ja ta zuwa gari na gaba. Ki lura da ginin maganar, babu fi'ili ko ɗaya a ciki, "da" ɗin nan guda biyu ne suka raba wa kowa rabonsa, wannan nasa bugu wancan nasa kuɗi, kamar abin da aka riga aka rubuta ba mai canzawa. Nan ƙarfinta yake.

Yanzu ɗora shi a kan tarihinmu. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya bi ta nan Kaduna ya isa Kano a 1911, sai aka ce haraji da kuɗin Bature za a biya, to ina manomi zai samo su in bai noma gyaɗa da auduga ya sayar wa kamfanonin Turawa a farashin da suka ga dama ba? Kuma akwai kalmar da nake so ki sa a rubutunki don kar ta ɓace, ɗiban gwamna. A 1942 da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda take samun kuza ana tsakiyar yaƙin Hitila, sai aka bi ƙauyukan Arewa ta hannun hakimai da dagatai ana kwasar maza ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos, har 1944. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Zazzau da Katsina aka kai su cikin sanyin dutse ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su dawo ba. Dubi kalmar da kakanninmu suka zaɓa, ɗiba. Ruwa ake ɗiba, hatsi ake ɗiba, ba mutum ba. Su da kansu sun gane matsayin da aka ajiye su.

Kuma wasan bai tashi ba fa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, Faransa ta yi shekaru tana kunna fitilunta da shi, alhali yawancin ƙauyukan Nijar har yau da aci-balbal da tocila suke kwana. Batun sauyin yanayi ma haka ne, Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma mu ne Tafkin Chadi ya janye ya bar mana masunta ba sana'a, mu ne damina ta rikice wa, makiyayi ya rasa burtali da mashaya ya gangaro kudu rigima ta tashi, mu ne kogin Kaduna ke shiga wa gidaje in ya cika. Ni a ganina kuɗin da ƙasashe masu masana'antu ke alkawari a tarukan yanayi ba sadaka ba ce, bashi ne ake bin su, kuma raina yana ɓaci in na ji shugabanninmu na godiya kamar an yi musu kyauta. Sai dai 'yata kar ki tsaya kan gardin waje kaɗai, akwai na gida, wanda ya riƙe sarƙar a zamanin ɗiban gwamna ɗan gari ne mai rawani.

Wani kuma ya tambayi kashin dankali. Wannan a taƙaice, yadda mai talla ke kasa dankali ne, ƙanana a ƙasa manya a sama, cikonsa "babba a kan ƙarami". Ana faɗinsa ga duk tsarin da na ƙasa ke ɗauke da nauyin na sama.

Ta ƙarshe daga wani matashi a Tudun Wada, yana so ya san ko sawaba na nufin 'yanci. Ba kai tsaye ba ɗana. Daga Larabci take, sawab, wato abin da yake daidai, a bakin Bahaushe kuma ta koma sauƙi da samun sarari bayan matsi, shi ya sa ake cewa hanyar nan ta fi sawaba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ita ta mayar da ita taken siyasa, don abin da talaka ke nema a lokacin sauƙi ne daga haraji da aikin tilas da bulalar 'yan doka, daga nan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta samo sunan da ya bi ta. A Nijar ma jam'iyyar Djibo Bakary Sawaba ake ce mata, ita ce ta nemi a ce a'a ga jagoran Faransa De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka haramta ta a 1959. A nan Kaduna kuwa kalmar ta ga aiki a 1979, lokacin da Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau gwamna ya soke haraji da jangali, majalisar da 'yan jam'iyyar NPN suka fi yawa ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981.