Me Ya Sa Finafinan da Aka Ɗauko Daga Littattafan H.G. Wells Suke Saɓa wa Asalinsu?

Tambaya: Na kalli fim ɗin War of the Worlds na 2005 da The Time Machine na 1960, daga baya na karanta littattafan, sai na tarar bambancin yana da yawa. Mene ne dalili, kuma wane fim ne ya fi kusa da abin da marubucin ya rubuta?

Amsa: Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma dalilinsa ya wuce taƙaita labari domin ya shiga awa biyu. Herbert George Wells, Baturen Ingila da aka haifa a 1866 ya rasu a 1946, ya karanci ilimin halittu a hannun T.H. Huxley, kuma mai ra'ayin gurguzu ne wanda ya taso cikin talauci. Injuna da dodannin da ke cikin littattafansa kayan aiki ne da yake sukar al'ummarsa da su. Masu shirya fim kuwa galibi sukan ɗauki injunan da dodannin, domin su ne ke jawo 'yan kallo, su bar sukar a cikin littafi.

Bari mu fara da The War of the Worlds na 1898, labarin halittun duniyar Mars da suka sauka kusa da garin Woking suka murƙushe rundunar Ingila. Tun a babin farko Wells ya tunatar da mai karatu yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya cikin shekara hamsin, sannan ya tambaya ko suna da bakin ƙorafi idan wasu suka yi musu haka. Nufinsa shi ne Ingilishi ya ɗanɗana a zuci abin da yake ɗanɗana wa wasu. A shekarar da littafin ya fito ne bindigogin Maxim suka kashe dubban mayaƙan Sudan a Omdurman, bayan shekara biyar kuma aka ci Kano da Sakkwato, don haka mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane inda maganar ta dosa.

Fim ɗin 1953, wanda George Pal ya shirya, Byron Haskin ya ba da umarni, ya mayar da labarin Kalifoniya a zamanin fargabar yaƙin cacar baka, har aka jefa wa maharan bam ɗin nukiliya bai yi musu komai ba. A littafi da fim duka ƙwayoyin cuta ne suka kashe su, amma Wells ya tsaya ya bayyana cewa ɗan Adam ya samu kariya daga waɗannan ƙwayoyi ne bayan mutuwar kakanni marasa adadi, shi kuwa fim ɗin ya rufe da mutane suna addu'a a coci. Steven Spielberg a 2005 ya dawo da injuna masu ƙafa uku kamar yadda suke a littafi, ya kuma riƙe firgicin mutum ɗaya da ke gudun ceton rai, sai dai ya kai labarin New Jersey, ya cika shi da ƙura da hotunan ɓatattu masu tuna harin 11 ga Satumba, 2001. Tsoron ya tsira, amma tambayar da ke tuhumar mai mulkin mallaka ta yi rauni ƙwarai.

A ganina asarar ta fi girma a The Time Machine na 1895. Matafiyin, wanda ya ƙera injin tafiya cikin zamani, ya isa shekara ta 802,701 ya tarar ɗan Adam ya rabu gida biyu: Eloi, kyawawa marasa ƙarfi da ke zaune a sarari, da Morlock, mazauna ƙarƙashin ƙasa masu kula da injuna, waɗanda ke fitowa da dare su kama Eloi su ci. Bayanin Wells shi ne Eloi jikokin masu dukiya ne, Morlock kuma jikokin leburorin da aka tura ma'adinai da masana'antu har suka manta hasken rana. Fim ɗin Pal na 1960, da Rod Taylor a matsayin jarumi, ya ɗora rabuwar a kan yaƙe-yaƙen nukiliya, ya mai da Morlock zallar dodanni, ya sa jarumin ya zaburar da Eloi su yi tawaye. Ya kuma watsar da wuri mafi ratsa zuciya a littafin, inda matafiyin ya ƙara gaba shekara miliyan talatin ya ga rana tana mutuwa a kan gaɓar teku da babu ko mutum ɗaya. Na 2002, wanda tattaɓa-kunnen marubucin, Simon Wells, ya ba da umarni, ya ƙara nisa, domin ya ƙirƙiro wa jarumin budurwar da ta mutu ta zama dalilin ƙera injin.

Cikin finafinan da Wells ya rubuta da hannunsa akwai Things to Come na 1936, wanda Alexander Korda ya shirya. Ya buɗe da yaƙi a 1940 da jiragen sama suna ruwan bama-bamai a kan birni, abin da ya faru da Landan a wannan shekarar. Duk da haka jawabai sun yi masa yawa, kuma a nan dole a yi wa daraktoci adalci: abin da ke tafiya daidai a takarda yakan yi nauyi a bakin ɗan wasa.

Dangane da wanda ya fi kusa da asali, zan zaɓi The Invisible Man na 1933, na darakta James Whale, wanda Claude Rains ya fito a ciki da murya kawai sai a ƙarshe aka ga fuskarsa. Ya riƙe ƙauyen Iping, da baƙon da ya iso masauki cikin dusar ƙanƙara fuskarsa naɗe da bandeji, da ruɗanin mutanen ƙauye. Ko shi ma ya sauya abu mai muhimmanci, domin ya ce wani sinadari ne ya haukatar da Griffin, masanin kimiyyar da ya mai da kansa ba a ganinsa, alhali a littafin na 1897 mutumin ya riga ya sace kuɗi a hannun mahaifinsa, abin da ya kai tsohon ga kashe kansa, tun kafin jikinsa ya ɓace. Idan za ka ci gaba da kwatantawa, fara da wannan fim, ka karanta surorin da Griffin ke ba Kemp, tsohon abokin karatunsa, labarin kansa, sannan ka dubi fim ɗin Leigh Whannell na 2020, wanda ya bar labarin Wells baki ɗaya amma ya dawo da mugun halin Griffin ta idon matar da yake azabtarwa.